Yadda ake raya garkar gida lokacin bazara

A cibiyar yaƙi da jahilci ta wani ƙauye cikin jihar Maraɗi, malamin gona ya yi wa ɗalibai jawabi bayan darasin la'asar. Maza da mata sun halarta, har da mai gari da dattawa. An rubuta jawabin domin sauran cibiyoyi su karanta, su tattauna. Ga abin da ya faɗa.

Dashe ba wuya, reno ke da wuya

Malamin ya fara da sallama. Ya gode wa mai gari da duk waɗanda suka bar ayyukansu suka zo.

Ya tuna wa jama'a cewa tun shekarar 1975, ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kan Nijar, ta zama ranar dashen itatuwa. A shekarar 1984 an yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Bayan farin wannan shekara kuma gwamnati ta yi kira ga noman rani. Tun daga nan mutane da yawa suka saba da ƴar garka a bayan ɗaki ko kusa da rijiya. Akwai mai zogale, akwai mai lalle, akwai mai lemun tsami. Wasu kuma sun kawo wardi daga birni sun dasa a tsakar gida.

Ya ce dashe a watan Agusta abu ne mai sauƙi. Ƙasa a jiƙe take, sama na ba da ruwa kyauta. Wuyar tana zuwa daga watan Maris zuwa farkon Yuni. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa. Rijiyoyi na ja baya. Dabbobi ba su da ɗanyen abinci. Ƙwari kuma ba su da wani kore sai na garka. A nan ne mai garka kan yi asarar wahalar wata takwas cikin mako biyu.

Wardi baƙo ne

Malamin ya ɗauki wardi a matsayin misali, don shi ya fi sauran rashin jimiri. Ƙaramin icce ne mai ƙaya, furensa ja ne ko fari ko ruwan hoda, da ƙanshi mai daɗi. Alhazai sun san turarensa da ruwansa. Ana noma shi a Ɗa'ifa, cikin ƙasar Saudiyya, bisa duwatsu masu tsawon kusan mita 1,800, inda iska ke da sanyi. Ana noma shi kuma a Maroko, a gindin duwatsun Atlas, ana girbin furen a Afrilu da Mayu. Watannin da yake murna can, su ne watannin da yake shan azaba a Nijar. Lokacin furensa a nan shi ne ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Wani dattijo ya ce fure ba ya shiga tukunya. Malamin ya ce dattijon ya yi gaskiya. Abinci ne gaba. Zogale na ba da ganye ga miya da kwaɗo. Lemu na ba da ƴaƴa. Lalle na kawo wa mata kuɗi lokacin biki da salla. Wardi ɗaya ko biyu sun isa gida. Amma wardi na da wani amfani: shi ke fara nuna ƙishirwa, shi ƙwari ke fara kamawa. Wanda ya lura da shi zai san abin da ke tafe wa sauran. Wanda ya iya raya wardi a bazara, babu iccen gida da zai gagare shi.

Daga nan ya faɗi maganar da ya ce kowa ya riƙe: a bazara ba a neman fure, ba a neman ƴaƴa, saiwa ake tsaro. In saiwa ta rayu, damana za ta maido da ganye. In saiwa ta mutu, ko an yi ruwa kwana arba'in ba ta tashi.

Yadda zafi ke kashe icce

Icce ma yana gumi. A bayan ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke fita. Saiwa na jawo wani ruwan daga ƙasa ta mayar. In iska ta yi zafi ta bushe, abin da ke fita ya fi abin da ke shiga. Sai ganye ya yi yaushi.

Kowa ya san yadda rairayi ke ƙona tafin ƙafa da azahar. Haka yake dafa ƙananan saiwoyin da ke kusa da sama. Su ne kuwa masu shan ruwa.

Ba kowane yaushi ba ne ƙishirwa. Iccen da ya sunkuya da rana, ya miƙe da magariba, lafiyarsa lau, zafi kawai yake gudu. Iccen da aka tarar a sunkuye da asuba, shi ne mai ƙishirwa ta gaske. Kafin a zuba ruwa, a tura yatsa cikin ƙasa har ƙarshensa. In an ji danshi, a jira. In an ji bushewa, a ba da ruwa. Ruwan da ya yi yawa yana ruɓar da saiwa, ganye ya yi rawaya ya zube, mai garka ya yi tsammanin ƙishirwa ce ya ƙara wani.

Ban ruwa

Lokacin ban ruwa shi ne bayan sallar asuba, kafin rana ta yi ƙarfi. Wanda bai samu ba ya yi da marece. Ruwan tsakar rana, rana ce ke shan mai yawansa.

A zuba ruwa a gindi, sannu a hankali. A yi wa kowane icce ɗan gurbi mai kewaye, kamar akushi, faɗinsa kamu biyu. A tara ƴar ƙasa jikin iccen don kada ruwa ya kwanta a wuyansa.

Malamin ya ja kunne kan yayyafi. Ɗan moɗa ɗaya safe da marece ba ya wuce saman ƙasa. Saiwa na bin ruwa. In ruwa na sama, sai ta taso sama, rana ta ƙone ta. In an zuba mai yawa lokaci guda, ruwa na nutsewa, saiwa ta bi shi ƙasa inda ke da sanyi.

Ga awon da ya bayar don ƙasar jigawa, in an rufe gindin icce:

Wardi: litar 10 kowane kwana 2.
Ƙaramin lemu ko mangwaro: litar 20 kowane kwana 2.
Zogalen da ya kama ƙasa: litar 10 kowane kwana 4.
Lallen da ya girma: abin da ya samu, don yana da haƙuri.

Ƙasar fadama mai laka ta fi riƙe ruwa, sai a ƙara kwanaki. Yatsa ne alƙali.

Sannan ya sa ɗalibai suka yi lissafi a allo. Gida mai wardi 2, da lemu 1, da zogale 4. Wardi biyu na shan litar 20 a kwana 2, wato litar 10 a rana. Lemu litar 10 a rana. Zogale huɗu na shan litar 40 a kwana 4, wato litar 10 a rana. Jimla litar 30. Bido ɗaya da rabi ke nan, in bidon mai litar 20 ne.

Ya ce kowane mai gida ya yi wannan lissafi kafin zafi ya kama. Ya kuma tambayi kansa: wa zai jawo wannan ruwa? Mata sun riga sun gaji da ruwan sha da na girki da na dabbobi. Bai dace a ɗora musu na garka su kaɗai ba. Samari da masu amalanke su sa hannu. In ruwa ba zai isa ba, a zaɓi itatuwan da za a tsare tun da wuri. Gara biyar masu rai da ashirin matattu.

Dabarar tulu

Akwai dabarar da ke rage wahala. A sami tulu na yumɓu wanda ruwa ke tsatsafowa a jikinsa, irin na maginan Mirya da na kasuwannin ƙauye. A gina rami taƙi ɗaya daga gindin icce. A binne tulun har wuya. A cika shi da ruwa, a rufe bakin da kasko ko dutse, don sauro da ƙadangare. Ruwa zai riƙa fita kaɗan kaɗan, kai tsaye ga saiwa. Rana ba ta samun rabonta. In ƙasa ta jiƙe, fitar ruwan na raguwa da kanta. A riƙa leƙawa, in ya yi rabi a cika. Tsohon tulun da ya ɗan tsage ma yana aiki. Tulun da aka shafe da siminti ko fenti ba ya yi.

Ruwan alwala da ruwan wankin hatsi ko shinkafa duk suna da kyau ga garka. Wanda ya dasa lalle ko wardi kusa da wurin alwala ya huta da rabin aiki. Ruwan da ke da garin wanki, ko kanwa, ko gishiri, kada ya kusanci icce. In an ga farin ɓawo bisa ƙasar gurbi, gishiri ne ya taru. A kankare shi a zubar, a yi ban ruwa mai yawa sau ɗaya don ya wanke saura.

Rufin gindi, inuwa da darni

Ƙasa tsirara ba ta riƙe ruwa. A rufe gurbin icce da busasshiyar ciyawa, ko ɓawon gyaɗa, ko ƙaiƙayi, ko karmami. Kaurin rufin ya kai yatsa huɗu. Wanda ya ɗaga rufin da azahar ya taɓa ƙasa zai ji sanyi. Amma a bar fili kamar tafin hannu tsakanin rufin da jikin iccen, saboda gara.

Wardi na son ranar safe, yana ƙin ranar azahar da ta la'asar. A kafa masa zana ko tsohuwar tabarma ta wajen yamma. Ko a yi masa ƴar rumfa ta kara mai tsefe-tsefe, wadda haske ke ratsawa. Kada a rufe shi ruf, don icce ba ya rayuwa cikin duhu. Haka ake yi wa ƙaramin lemu da mangwaro a shekararsu ta farko.

Bangon da rana ke duka da la'asar yana ajiye zafi, ya amayar da shi har dare. Kada a dasa wardi jikinsa. Wanda ya shuka nasa cikin gwangwani ko baƙar leda ya san cewa saiwa na dahuwa ciki. Ya mai da shi cikin kasko na yumɓu, ya kai shi inuwa, ya riƙa ba shi ruwa kullum.

Iska mai zafi ta fi rana saurin busar da ganye. Malamin ya kawo misalin kwarin Majiya, cikin jihar Tawa. Daga shekarar 1975 manoma da ma'aikatan gandun daji suka dasa dogayen layuka na dogon yaro don tare iska. Gonakin da ke bayan layukan sun fi riƙe laima. Abin da layin itatuwa ke yi wa gona, shi darni ke yi wa garka. Darnin kara ko zana yana karya iska, yana kuma tare babban ƙwaron nan mai ƙafa huɗu, wato akuya. Jama'a suka yi dariya. Ya ce ba abin dariya ba ne: akuya ɗaya na gama aikin wata takwas kafin a idar da sallar azahar, kuma ƙayar wardi ba ta hana ta.

Abubuwa biyu da ba a yi a bazara

Na farko, ba a sa takin zamani. Taki na tilasta wa icce ya fitar da sabon toho, rana ta ƙone shi, darɓa ta taru a kansa. Cikin busasshiyar ƙasa kuma taki na ƙona saiwa. Ɗanyen kashin dabbobi da na kaji ma haka. A tara su cikin rami, a riƙa yayyafa ruwa, su ruɓe kafin damana.

Na biyu, ba a yi wa icce aski mai yawa. Ganyen da rana ta ƙona bakinsa ba shi da kyaun gani, amma yana yi wa reshe inuwa. A bar shi. A cire reshen da ya mutu kawai. In ƙaramin wardi ya fitar da kan fure a Afrilu, a tsinke shi. Furen zai fito ƙarami, ya bushe cikin yini ɗaya, ya cinye ƙarfin iccen a banza. Mai tsinkar zogale kuma kada ya yi masa tsirara. Ya bar ganye a kowane reshe.

Ƙwarin bazara

Malamin ya ce rigakafi ya fi magani. Mai garka ya riƙa juya ganye kowace safiya lokacin ban ruwa, don ƙwari a bayan ganye suke ɓuya. Kowane ƙwaro da alamarsa.

Jan gizo-gizo. Shi ne babban abokin gaba lokacin zafi da ƙura. Ƙarami ne ƙwarai, kamar ƙwayar garin barkono. Yana tsotse ganye. Ganyen ya yi ɗigo-ɗigon fari, ya koma kamar tagulla, ya zube. In ya yi yawa ana ganin siririyar saƙa tsakanin ganyaye. Cikin zafi, ƙwansa na zama babba a kusan mako ɗaya. Don gane shi, a riƙe farar takarda ƙarƙashin reshe a karkaɗa. In ɗigon da ya faɗo yana tafiya, shi ne. Ba ya son laima. A wanke bayan ganye da ruwa da sassafe, sau biyu a mako. Ganyen da ya lalace a tsinke a ƙone. Yana kama tumatir da gauta da yalo, don haka tsofaffin tumatir da suka gama haihuwa a tuge su a ƙone, kada su zama masaukinsa.

Darɓa. Tana taruwa bisa sabon toho da kan fure. Ganye na nannaɗewa, yana danƙo kamar an zuba zuma, daga baya ya yi baƙi. In an ga tururuwa na hawa da sauka bisa icce, a duba, zaƙin darɓa take bi. Kaɗan ce, a murtsuke da yatsa. Da yawa ce, ruwan sabulu.

Farin ƙuda. In an taɓa reshe sai ya tashi kamar toka. Shi ma tsotsa yake yi, yana kuma ɗaukar cuta daga wani tsiro zuwa wani.

Tsutsar zogale. Masu zogale na Jiratawa da na bakin kogi a Yamai sun san ta. Tana haɗa ganye da zare, tana ci har ya zama kamar rariya. A tsince ta da hannu a ba kaji. In ta yi yawa, a yanke rassan da ta kama a ƙone, zogale zai sake toho.

Gara. Ta fi kama iccen da ƙishirwa ta raunana. In an ga ginin ƙasa na hawa jikin icce, a kankare shi, a barbaɗa toka kewaye da gindi, a gyara ban ruwa. Kada a kafa busasshen icce ko kara jikin dashe.

Fara. Da sassafe ba ta da kuzari. Yara na iya kama ta da hannu.

Maganin da ke ƙofar gida

Dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, asalinsa daga ƙasar Indiya ne. Yau babu garin da ba shi. Cikin ƙwallon ƴaƴansa akwai wani sinadari mai ɗaci. Ƙwaron da ya ci ganyen da aka fesa masa shi yana daina cin abinci, ba ya girma, ba ya haihuwa yadda ya saba. Ga yadda ake haɗawa:

1. A tsince nunannun ƴaƴa, a wanke naman, a shanya a inuwa har su bushe. Waɗanda suka yi funfuna a zubar.
2. A daka rabin kilo. A auna sau ɗaya bisa sikelin mai kanti, a sa alama a gwangwani, ya zama ma'auni. A ware turmi dabam, don ɗacin ba ya fita da sauri.
3. A jiƙa garin cikin litar 10 na ruwa, ya kwana.
4. Da safe a tace da ƙyalle mai laushi.
5. A narka ɗan sabulun wanki na sanda, kamar girman akwatin ashana, a zuba. Sabulu ne ke sa maganin ya kama ganye.
6. A fesa da marece, bayan rana ta yi sanyi, sama da bayan ganye. Wanda ba shi da famfon feshi ya huda marfin gora ta roba, ko ya tsoma tsintsiya ya yarfa.
7. A maimaita kowane kwana 7 har ƙwari su ragu.

Dalilin feshin marece biyu ne. Hasken rana na kashe ƙarfin maganin, kuma ganyen da aka jiƙa da sabulu cikin zafi yana ƙonewa. Da marece kuma ƙudan zuma sun koma gida. Abin da aka haɗa a yi aiki da shi ranar, kada a ajiye. A kawar da shi daga yara. Ganyen miya a wanke shi sosai kafin a dafa.

Wannan magani ba ya kashe ƙwaro nan take. Sai bayan kwana biyu ko uku ake ganin aikinsa. Mai gaggawa zai ce bai yi ba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Ruwan sabulu kaɗai ma yana kashe darɓa: cokali ɗaya na gogaggen sabulu cikin litar ɗaya. A gwada bisa reshe guda, a jira kwana ɗaya. In ganyen bai ƙone ba, a fesa wa saura.

Garka na da ƴan gadi da ba a biya. Zanzaro na kwashe tsutsa ya kai ɗakinsa. Ƙoƙi-ƙoƙi da hawainiya da kwaɗo duk ƙwari suke ci. Akwai wani ɗan ƙwaro ja mai ɗigon baƙi, kamar rabin ƙwayar wake, abincinsa darɓa. A hana yara kashe su.

Hattara da maganin kasuwa

A nan malamin ya ɗaga murya. Ya ce ana sayar da magungunan ƙwari a kasuwa, wasu cikin kwalba ba takarda, wasu kamar piya-piya. Guba ce mai ƙarfi. Garkar gida kuwa tana inda yara ke wasa, inda kaji ke kiwo, inda ake girki. Maganin auduga ba na ganyen miya ba ne. Sau da yawa kuma irin wannan feshi na kashe ƴan gadin garka ya bar jan gizo-gizo, sai ya dawo ya fi da yawa.

Tun shekarar 1994 ƙasashen Sahel ke da kwamiti guda mai tantance magungunan ƙwari. Maganin da aka yarda da shi yana da lamba a jikinsa. Takardarsa na faɗin irin shukar da aka yi shi dominta, da awo, da kwanakin da za a jira kafin a ci. Ya ce ga amfanin karatu a fili: wanda ya iya karanta lamba ba a sayar masa da ajalinsa cikin kwalba. Wanda ya ga dole sai ya saya, ya fara zuwa wurin malamin gona da ganyen da ya lalace a hannu.

Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya sa riga mai dogon hannu da takalmi, ya ba iska baya. Kada ya ci goro ko ya sha taba yana aiki. Ya yi wanka da sabulu in ya gama. Mace mai ciki da yaro ba sa feshi. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada a zuba mata ruwa ko mai. In guba ta taɓa mutum, a cire masa tufafi, a wanke shi, a kai shi gidan likita tare da kwalbar. Nono ba ya karya wannan guba, kada a ɓata lokaci.

Tambayoyin jama'a

Wata tsohuwa ta ce: "Malam, zogalena ya zubar da ganye duka, ya mutu ke nan?"

Ya ce: "Inna, ki kankare bayan reshe da farce. In kin ga kore, yana da rai, barci yake yi. Ki ci gaba da ba shi ruwa. In kin ga busasshe, ki gwada can ƙasa kusa da gindi kafin ki fid da rai."

Wani saurayi ya tambayi yadda ake samun irin wardi. Malamin ya ce ana yanko reshe mai kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya, mai ido uku ko huɗu. A cire ganyen ƙasa, a binne rabinsa cikin ƙasa mai laima, a inuwa. Lokacinsa damana ne ko farkon ɗari. Na bazara ba ya kamawa. Aguwa ce ake dasawa a ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka, kuma tana yin shinge mai kyau.

Mai gari ya tambaya ko a dasa dogon yaro cikin garka don inuwa. Malamin ya ce: "Ranka ya daɗe, a bar shi can nesa. Saiwarsa na tafiya da nisa, za ta shanye ruwan ƙanana."

In damana ta sauka

Aiki ba ya ƙarewa da ruwan farko. A buɗe bakin gurbi don kada ruwa ya kwanta. A cire rumfa. Lokacin ne ake sa ruɓaɓɓen taki, a gauraya da ƙasar sama. In ganyen wardi ya yi baƙaƙen tabo saboda laima, a tsinke a ƙone, har da wanda ya zuba ƙasa. Askin wardi sai damana ta ɗauke, wajen Oktoba. A rage tsawon rassa da wuƙa mai kaifi, a cire na tsakiya masu cunkoso. Bayan ƴan makonni, cikin sanyin ɗari, zai biya mai shi da fure.

Malamin ya roƙi kowace cibiya ta dasa icce biyu ko uku a ƙofarta, ɗalibai su raba kwanakin ban ruwa, a rubuta sunaye a allo. Ya rufe jawabinsa da addu'ar Allah ya kai kowa damana lafiya, ya sa ta yi albarka. Jama'a suka shafa fatiha.

Abin tattaunawa a cibiya

1. Ta yaya ake gane iccen da ke jin ƙishirwa ta gaske?
2. Don me ba a sa taki a bazara?
3. Waɗanne ƙwari ne suka fi damun garkokin garinku, kuma yaya kuke kiransu?
4. Lissafi: wata mata na da wardi 1 da zogale 8. Litar nawa take bukata a rana? Bido nawa mai litar 20 za ta jawo cikin kwana 4?